Takardar Yaya Isufu da Ban Karanta Duka Ba

Labarin ya zo da safen nan, kuma ni aka kira na karanta shi da bakina. Yaya Isufu ya rasu a Aljeriya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mu huɗu ne 'yan mata a ajinmu na lakwal, makarantar boko, kuma ku ukun nan kaɗai nake rubuta wa wannan. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. Tun kafin damina nake yi wa Inna Zali, uwarsa, ƙarya.

Kun san shi. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Duk rumbun da ke unguwarmu hannunsa ya taɓa shi. Shekarar da gara ta cinye ƙafafun namu ya wuni yana gyarawa, ya ƙi karɓar komai sai furar da ya sha.

Ranar da ruwa ya cika kwarin bayan kasuwa, shi ya ɗaga ni a kafaɗa ya ƙetare da ni, littafina a kaina. Yara suna tsokanata da 'yar Nasara. Shi kuwa Malama yake ce mini, ko a gaban manya, ni kuma in rufe fuska da gyale.

Bai nemi soja ba. An tara samari a gaban ofis, likita ya duba haƙoransu da ƙirjinsu kamar masu sayen sa, aka ware masu ƙarfi.

Ganina da shi na ƙarshe a gindin kamiyon, babbar motar da za ta kai su Damagaram ne. An aske masa kai ƙwal. Na laɓe a bayan Inna Zali, amma ya hango ni.

Ya ce, "Malama, ke za ki riƙa karanta wa Inna takarduna. Amma ki ɗaga murya, kin ji? Inna ba ta jin raɗa."

Kowa ya yi dariya, har Inna da take kuka.

Takardun farko ta gidan waya suka zo, duk kanwar ja ce: yana lafiya, akwai sanyi, a gaida kowa. Shi bai iya rubutu ba, wani abokinsa ɗan Magariya ke rubuta masa da Faransanci. Ta ƙarshe kuwa wani soja ɗan Kurni da aka sallama da hannu ɗaya ne ya kawo ta a cikin takalminsa. Ba ta bi ta hannun manyansu ba.

Mata suka cika tsakar gida don su ji. Matar gardi, ɗan sandan Nasara, tana nan zaune a kan turmi. Na buɗe, idona ya riga bakina.

Yaya Isufu ya ce an kai su wani ƙauye a kan duwatsu. Kaftin ya sa aka fito da maza, aka ɗaure wani tsoho ana dukansa ya faɗi inda 'ya'yansa suke, bai faɗa ba, bai kuma sake tashi ba. Sannan aka sa su fasa ma'ajiyar hatsin garin, su zuba fetur. Ya ce wata tsohuwa ta riƙe masa ƙafa tana salati, salatin nan dai da Inna take yi. Ya ce, ni mai gina rumbu, yau ni na ƙyasta ashana. Ya ce bai san laifin mutanen nan ba, ƙasarsu ce, kuma duk wanda ya ƙi umarni a cikinsu an san abin da ake yi masa.

A ƙasan takardar ya roƙi abu ɗaya. Kada a bari ƙanensa Sani ya tsaya a layin likita. A tura shi cin rani Kano tun kafin masu ɗiban soja su dawo, kada ya komo sai an aika masa.

Na ɗaga kai. Inna tana murmushi, matar gardi tana kallon bakina.

Na ce, "Yana lafiya. Ya ce abinci isasshe ne. Yana gaida Sani."

Na ce wa kaina gobe zan dawo in faɗa mata mu biyu. Gobe ta zama jibi. Inna ta ajiye takardar a cikin kwalla, duk Juma'a sai ta kira ni in sake karanta mata, ni kuma in sake maimaita ƙaryata. Har ta haddace ta. In na yi tuntuɓe ita ke gyara mini.

A lakwal malaminmu Mushe ya koya mana cewa Faransa uwa ce. Mun rera shi a waƙa, kun tuna, ni ce ma na fi kowa iyawa, har aka ba ni fensir. Ban san uwar da take ɗauke ɗan wata daga bakin gonarsa ta kai shi ya ƙone abincin wata tsohuwa ba.

Takardar yau, wadda gardi ya kawo, layi huɗu ce. Babu yadda ya mutu, babu inda aka binne shi, babu ko an yi masa salla. Wai ya mutu saboda Faransa. Na fassara kamar yadda aka rubuta.

Inna ta juyo gare ni. Sannan ta tambaye ni, ba gardin ba, "'Yar nan, ita Faransar ta san sunansa?"

Ko sunan ma ba su rubuta daidai ba. Wannan ma ban faɗa ba.

Gardin ya yi ta'aziyya, ya shafa addu'a. Da zai fita ya dafa kafaɗar Sani, ya ce masha Allah, gidan jarumai ne wannan, bayan an gama yankan gero kwamanda zai so ya gan shi.

Gero ya riga ya nuna. A wasu gonakin hanyar Yauri har an fara.

Ina jin haushin kaftin ɗin da ban san fuskarsa ba, da likitan, da waƙar da muka rera. Na fi jin haushin kaina. Abu ɗaya Yaya Isufu ya ce in yi, in ɗaga murya.

Allah Ya jiƙan Yaya Isufu. Allah Ya yafe masa abin da aka tilasta hannunsa ya aikata. Allah Ya jiƙan tsohon nan da ban san sunansa ba, Ya ciyar da tsohuwar da aka ƙone wa hatsi. Allah Ya isa tsakaninmu da waɗanda suka ba da umarni.

Don Allah ku sa shi a addu'a, ku sa Inna Zali, ni ma ku roƙa mini ta iya kallon fuskata bayan yau. Wadda ta karanta ƙarshe ta jefa wannan a murhu.

Bayan la'asar masu gaisuwa za su ragu. Zan ce wa Inna ta ɗauko kwallar, ta kira Sani, ta saki labule. Zan karanta tun daga layin farko.