Fusae Mai Wankin Gilasai

Shekara talatin da ɗaya Fusae Kuramochi ta yi tana wanki a ɗakin gwaji na wata masana'anta a garin Tokoname. Karatunta bai wuce sakandare ba. Aikinta ta wanke 'yan gilasai da faifan ƙarfe tas, masana su yi musu shafin sinadarin titaniyam wanda bai kai kaurin gashi ba, a gasa a tanderu. In shafin ya kama, da rana ta buge shi sai ya cinye dauɗa da kansa.

Gajera ce, ga baki, ga kyauta. Duk wanda ya manta abincin rana ya san dunƙulen shinkafarta na jiransa.

Da aka kawo Dakta Shirahama ya shugabanci sashen, sai ya ce a koma shafa gilashin taga. Wata biyu ana gashi, shafin ya ƙi aiki. Ya zargi tanderu, ya zargi haɗin shafin, daga ƙarshe ya faɗo kan wanki.

"Inna, anya kina ɗauraye su sosai?"

"Dakta, tun kana goye nake wannan wankin. Zo nan."

Ta jera masa guda uku da aka shafa suka sha rana: ƙarfe, tataccen gilashin gwaji, da na taga. Ta watsa musu ruwa. A kan biyun farko ya shimfiɗe, alamar shafin ya kama, a kan na taga ya tsaya ɗigo-ɗigo.

"Haɗi ɗaya, wuta ɗaya, hannuna ɗaya," in ji ta. "Matsalar tana ƙarƙashin shafin. Wannan na tagar da ya ji wuta sai ya fito da gishirinsa ya ɓata shafin. Na daɗe ina ganin hazon da yake yi, ba wanda ya tambaye ni."

Kunnuwan Dakta suka yi ja. Can ya rusuna mata sosai, a gaban kowa.

Ya auna, ya tarar haka ne. Sai aka riƙa yi wa gilashin shimfiɗar sinadarin silika kafin shafin, don ta tare gishirin. A gashi na uku abin ya yi.

Ya ce zai sa sunanta a takardar binciken.

"Sa mana, jikata ta gani," in ji Fusae. "Amma a ɗaga mini wurin wankin nan, bayana ya gaji."

Aka yi duka biyun. Ta ƙara shekara huɗu tana aiki a miƙe, sannan ta koma noman kabeji a bayan gidanta.