Sunan da Hajara Ta Bari

Sunayen Allah nawa ake kira a gidanku kafin a fita aiki? A gidan Saratu matar Lado, a wani ƙauye kusa da Gwashi cikin ƙasar Bukkuyum, goma sha uku ake kira kowace safiya, kuma kowane suna da bakin da ke riƙe da shi.

Saratu ba ta taɓa shiga aji ba. Daddawa take yi, tana kaiwa kasuwar Gummi sau biyu a wata. A 1977 ita da mijinta suka zama Kirista, a wata majami'ar jinka mai benci huɗu da mutum ashirin da uku. Babbar damuwarta mantuwa: mai bishara zai karanta abu ranar Lahadi ya ratsa ta, kafin Talata ya zube mata. Sai ta yi dabara. Duk sunan Allah da ta ji, tana dawowa gida ta ba wani ajiya. Lado ya riƙe huɗu, Ubangiji a kan gaba. Ita uku. Babban ɗansu Dabo uku, har da Makiyayi. Ladidi mai bi masa biyu. Autar, Hajara, 'yar shekara biyar, ɗaya tak aka ba ta: Mai Warkarwa.

Kafin a hura wuta sukan zauna a tabarma ɗaya, daga babba zuwa ƙarami kowa ya faɗi nasa, saura su amsa da amin. Bai kai minti biyar ba.

A daminar 1983 ruwan sama ya ɗauke, gero kuma na tsakiyar fitar da kai. Gonar da ke ba su dami arba'in ta ba da tara. Da bazara kuma ƙyanda ta shigo ƙauyen ta tarar da yara a rame. Cikin mako uku aka haƙa ƙananan kaburbura goma sha ɗaya, bakwai a maƙabartar Musulmi, huɗu a bayan majami'a. Ɗaya cikin huɗun nan na Hajara ne. Kwana shida ta yi jikinta kamar garwashi, Saratu na riƙe da ita tana kiran Mai Warkarwa har muryarta ta dushe.

Washegarin binnewa suka zauna a tabarma. Aka kira goma sha biyu, aka zo wurin Hajara, sai shiru. Lado ya buɗe baki zai cike.

"Kada ka faɗe shi," in ji Saratu.

"Haba Saratu, sunan Allah ne fa."

"Kwana shidda ina kira nai. Mi ya amsa mani? Wanga suna ba a ƙara kiran shi cikin gidan ga."

Lado ba mai jayayya ba ne. Safiya goma sha tara ana tsayawa a sha biyu. Mai bishara ya zo har sau biyu, ta ba shi ruwa, ta saurare shi, ta koma kan tukunyar kalwarta.

Wata rana Balaraba, Bafulatanar da ke kawo musu nono, ta sauke ƙwarya a ƙofar gida. Ita ma ƙyandar ta ɗauke mata ɗa. Saratu ta dubi carbin da ke hannunta ta ce, "Ke har yanzu kina kiran sunayen Allah duka?"

"Duka. Akwai dai wurin da in na zo, yatsa ya ƙi gaba. Sai in zauna in jira shi."

A rana ta ashirin Ladidi ta tashi da zazzaɓi, idanu jawur, ƙuraje sun fara fesowa a bayan kunne. Lado ya goya ta da zane, ya jawo keke zai kai ta wurin likita a Gummi, tafiyar kusan wuni guda. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Saratu, ban iya hawa hanya da ɗiyar ga da guntuwar addu'a. Ke kinka kawo sunan cikin gidan nan, ke za ki maido shi."

"In na kira ya sake yin shiru fa, Malam?"

"To, ya yi shirun. Mu dai mun kira."

Ta daɗe tana kallon ƙafafun Ladidi da ke reto a gefen keke. Sannan ta faɗe shi, haƙora a cije, ba ta ɗaga kai ba. Lado ya ce amin, ya hau.

Bayan kwana tara suka dawo. Ladidi na da rai, amma idanunta biyu sun yi fari. Saratu ta kaɗa hannu a gabanta sau uku, yarinyar ba ta ƙifta ba. Ta zaunar da ita, ta dama mata kunu, ta sa mata ludayi a hannu.

Da safe aka kira goma sha biyu, Saratu ta kira na sha uku da kanta. Matan majami'a suka zo barka suna cewa Allah ya warkar, ta ce musu, "Rabin abin da na roƙa ya ba ni. Ina nan ina kira."

Haka ta yi har ta rasu a daminar 1989, safiya sama da dubu ɗaya da ɗari takwas, ba ta tsallake ko ɗaya ba, muryar kuma ba ta taɓa yin laushi a wurin ba. Ladidi ta koyi daddawa da lalube, Dabo ke kai mata kasuwa.

Gobe da safe ka gwada a gidanka. Tara iyalinka a tabarma, ka raba musu sunayen, ka bar wa kanka wanda ya fi yi maka nauyi a baki, ka ga ko zai fito.