Tseren Mota a Teburin Surukina

Ko da zan manta da komai na zamana a Landan, ranar Lahadin da na je gaida mahaifin matata a karo na farko ba za ta fita daga raina ba. Har yau idan aka taru a gidanmu hira ta yi daɗi, sai wani ya tono labarin, ni kuma in tashi in ce zan duba shayi.

Tun zuwana ƙasar nan na kamu da son tseren motocin nan masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje. Kuma cikin direbobin duka na rasa wanda zan so sai wani bawan Allah da bai taɓa cin komai ba. Ba ya gaba, ba ya baya, kullum yana tsakiya, na tara ko na sha ɗaya. A wasan nan uku na farko kaɗai ke hawa dandamali a ba su kofi, shi kuwa gwanina ko matakalar bai taɓa takawa ba.

Ana nan sai yarinyar da nake nema ta ce mahaifinta yana son ganina. Dattijo ne ɗan Wusasa, ya yi ritaya daga aikin asibiti, kuma an riga an gaya min samari biyu sun je gabansa sun dawo da haƙuri. Ya sa ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, daidai lokacin tsere. Ban yi gardama ba. Na saita talabijin ɗina ya naɗa min, na kashe waya don kada wani ya ɓata min labari.

Kawuna, direban bas ne a nan, shi ya ɗauki nauyin raka ni. Mako guda ya yi yana horar da ni, wai ba a fafe gora ranar tafiya.

"Ka zauna a ƙasa, ko ya nuna maka kujera," in ji shi. "Kada ka haɗa ido da shi. In an kawo abinci ka ce ka ƙoshi. Wannan ba interview ɗin Turawa ba ne da za ka tsare mutum da ido kana murmushi."

Muka isa gidansu a unguwar Lewisham da ledar doya da kwalin lemo daga kasuwar bakin titi. Aka shigar da mu falo. Na cire takalmi, na durƙusa na gaida Baba, na naɗe ƙafa a kan kafet gaban wani teburin gilashi, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya min. Talabijin na can a bango a kunne, an kashe masa murya. Ban ko kalle shi ba.

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne teburin. Ina sunkuyar da kai sai ga talabijin ɗin gaba ɗaya a cikin gilashin, tas kamar madubi, motoci suna gudu kansu a ƙasa. Tseren da na guje wa ne ya biyo ni har gidan suruki. In na ɗaga kai na yi rashin kunya, in na sunkuya ga tsere. Na gwada rufe ido, Kawu ya zungure ni da gwiwa, yana tsammanin gyangyaɗi nake.

Baba ya fara nasiha a kan aure, a hankali, kamar mai karanta takardar magani. A cikin teburi kuwa ruwa ya fara sauka a filin tsere. Manyan direbobi suka yi ta shiga suna canja tayoyi zuwa na ruwa, gwanina aka bar shi a waje da tayoyin rani, yana santsi kamar akuya a kan siminti. Na ce a raina, shi ke nan, sun sake kashe shi. Sai ruwan ya ɗauke. Duk waɗanda suka canja dole suka koma suka sake canjawa. Da jerin sunaye ya fito, na karanta shi a juye, na sake karantawa. Gwanina ne na uku.

Daga nan ban ƙara jin Baba da kyau ba. Na dai ji yana maganar mai haƙuri da dafa dutse, ina cewa "Haka ne, Baba." Wata mota ta manyan kamfanoni ta manne wa gwanina a baya, sabbin tayoyi gare ta, nasa sun cinye. Kwana bayan kwana yana tare ta. Aka shiga zagayen ƙarshe. Daidai nan Baba ya ce, "To, yaro, kai me za ka ce?"

A kwanar ƙarshe motar nan ta kutso ta ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsaya ƙiƙam a kan dattijo, hannu biyu a ka, na kurma ihu, "Rufe masa hanya!" Gwiwata ta daki teburin, jug ɗin zoɓo ya tuntsure a kan farar babbar rigar Kawu. Aka wuce gwanina da tsawon hanci. Ya gama na huɗu.

Na hango inuwar mutum biyu a ƙofar kicin, na san uwa da 'ya ne. Kawu yana kallona, zoɓo na ɗiga daga hannun rigarsa, idonsa yana cewa ka kashe mu. Na sulale na koma ƙasa. Gaskiya a lokacin na sallama, na ga na rasa yarinyar da nake so saboda mutumin da bai san ina duniya ba, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Baba ya ɗauki rimot ya kashe talabijin.

"Naka ne na huɗun?"

"Eh, Baba."

"Ya taɓa ci?"

"Bai taɓa ba, Baba."

"To me ya sa ba ka koma wa masu ci ba? Ai free ne, ba a yankar tikiti."

Tun da ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, sai na faɗi gaskiya, kuma a karo na farko na dube shi. Na ce lokacin da na zo ƙasar nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ba wanda ya san da ni, ba a yaba min, ba a kore ni ba. Sai na ga wani shi ma yana tsakiya, kyamara ba ta bin sa, amma duk sati yana tuƙi kamar shi ne a gaba. Na ce ba zan iya barinsa ba don kawai motarsa ba ta kai ta wasu ba.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ni ma a tsakiya na yi aikina har na yi retire. Yaran da na koya wa aiki suka zama shugabannina." Ya juya wajen Kawu. "Ni na sa tashar tseren da gangan. 'Yata ta gaya min halinsa. Kowa ya iya sunkuyar da kai na awa guda, biyun da suka zo kafin shi ƙeyarsu kawai na gani. Ku turo manyanku."

A bas ɗin komawa, muna wuce unguwar Deptford sai Kawu ya juyo. Ya dubi rigarsa ya ce, "Duk horon da na yi maka, ashe zoɓo ne zai yi mana aikin."

Gwanina ya bar tsere ba tare da ya hau dandamalin nan ba, na huɗun nan shi ne ƙololuwarsa. Baba kuwa duk Lahadin tsere sai ya kira ni ya tambaye ni wa ke tsakiya yanzu. Abin da ranar ta koya min shi ne kunya ado ce, ban kuma daina durƙusa wa Baba ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Mai ba ka 'yarsa yana son ya san ko za ka zauna da ita a shekarun da ba a cin kofi, kuma ba zai gane haka daga ƙeyarka ba.