Matar da ta bar layin hatsi

Likitan da ya cire ma ɗiyata Biba saifa shi ya fara gaya mani: mai amosanin jini, in babu saifa, ɗan zazzaɓi na iya kashe shi kafin yamma.

Yau a Mayahi, wurin rabon hatsin fari, ga wata mata gabana, doguwa, ramammiya. Ban san ta ba. Ɗiyarta na jingine da ita, rigar ta ɗage, ga tabon ɗinki a hagun cikinta, irin na Biba. Uwar ba ta kallon soja, ba ta kallon buhuna. Jim kaɗan sai ta duƙa ta aza leɓenta a goshin yarinyar. Ina jin gida akwai ƙananan da ke jiran ƙwaryar nan.

Ta sake duƙawa, ta daɗe.

Na ce, "Baiwar Allah, matsa, an kusa kai gare ki."

Ta ce, "Yaya, taɓa ki ji."

Na taɓa. Innalillahi, wuta!

Ga ta can ta goya yarinyar, tana sassarfa wajen gidan likita, ƙwarya wayam. Allah ka sa akwai magani. Ni kuwa tun asuba ban taɓa goshin Biba ba.