Shekarar da Tarwada Ta Ci 'Ya'yanta

Matso kusa ka ji, don wannan abin ko na tsufa haƙora sun zube ba zai fita raina ba. Ni ba mai yawo ba ce, iyakata tsakar gida da kaskon suyar kifi, amma kunnena ba ya barci.

Bayan garinmu, can wajen Dogarawa, akwai tabki. Daga shi muke ci: maigidana ya kamo tarwada, ni in soya. Wata shekara gero bai yi ba, sai mutane suka kwance gidan sauro daga kan gado suka shiga ruwa da shi. Idon gidan sauron kuwa ko ƙwayar gero ba ta wucewa. Aka riƙa kwaso 'yan mitsi-mitsin kifi, a shanya, a daka a miya. Yunwa ce, har yau ban iya ganin laifin kowa.

Uwar mijina, da muke kira Inna, ta ga shanyar maƙwabta ta riƙe haɓa. "Kun kwashe tuwon tarwada, mi kuke so ta ci? Ƙanana su ci gansakuka da tsutsar sauro, manya su ci ƙanana, mu mu ci manya. To kun zare na tsakiya."

Maƙwabciyata ta ce, "Haba Inna, kifi ka ƙarewa cikin ruwa?" Aka kwashe da dariya.

Da rani ya tsaya, ruwan ya koma kore shar, yana wari. Zalɓen da ke tsayuwa bakin tabki ya daina zuwa. Sauro ya taso kamar hayaƙi, ga gidajen sauron duk sun yayyage.

Ranar da sarkin ruwa ya buɗe tabki kowa ya shiga su, wato kamun kifi na gayya, maigida ya dawo da tarwada 'yan kaɗan, kai ƙato, jiki kamar bulala. Na farke cikin ɗaya, sai ga 'yar tarwada a ciki. Maigida ya duba, ya ce, "Ta kai ga cin ɗiyanta. Ruwan ga ya mutu."

Bai sake jefa taru ba. Ya tafi Malbaza lodin siminti, sai da salla muke ganinsa, hannuwansa a tsattsage. Kaskona har yau yana kife bayan rumbu.

A nan na gane, ɗan ƙaramin nan da ake rainawa shi ke ɗauke da babba, babban kuma shi ke ɗauke da mu. Kai fa, ka taɓa tambayar me abincinka ke ci?