Kunyar da Ta Kayar da Ni a Jarrabawar Turanci

Ko tsufa ya kwashe mini haƙora, ba na jin zan manta da abin da jarrabawar Turanci ta yi mini, da abin da ni ma na yi mata daga baya.

Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Kotobabi, sai wani asibiti a Ingila ya ba ni gurbin aiki, da sharaɗin in ci jarrabawar nan kafin shekara ta fita, in ba haka ba a ba wata. Ni kuwa tuni na riga na isa can a zuciyata. Har na ga kaina ina tafe cikin yayyafi, wani kyakkyawan likita mai sanyin murya ya miƙo mini lema. Kada ku ga laifina, littattafan soyayyar da 'yan kasuwa ke kawo mana daga Kano su suka raine ni.

Abin haushin shi ne, tun firamare da Turanci nake karatu, amma wai sai an auna bakina. Aka maƙala mini abin ji a kunne, wani mutum yana magana ta hanci kan hayar kwalekwale, sau ɗaya tak, babu damar a ce ya maimaita. Aka ba ni dogon rubutu kan ƙanƙarar da ban taɓa gani ba sai a firji. Duk na daure na ci waɗannan. Ɓangaren magana ne ya kayar da ni.

Da na shiga ɗakin sai na tarar da dattijon Bature, kansa fari fat, sa'an kakana. A gidanmu na Maamobi ba a kallon babba cikin ido, kuma a duk littattafan da na karanta, yarinyar kirki in namiji ya yi mata tambaya sunkuyar da kai take yi tana murza gefen mayafinta. Haka na yi. Ya ce ina nake zaune, na ce Maamobi. Ya ce ina son unguwar, na ce e. Ya ce me ya sa, na yi murmushi na ƙara duƙar da kai. Na fito ina jin daɗi, wai na nuna masa tarbiyya.

Da sakamako ya fito maki bai kai ba, na yi ta kuka har Mma, yayar babana da ta riƙe ni, ta ce in share hawaye in gwada mata yadda aka yi. Matan gidanmu na haya suka zagaye mu a tsakar gida. Na zauna, na sunkuyar da kai, na kama mayafi.

"Ei!" in ji Mma. "Ke jarrabawa kika je ko zance? Baturen ya kawo goro ne?"

Maƙwabciyarmu mai koko ta tafa hannu. "Wannan da ke cika mana kunne tun asuba? Ashe can bakin ya je ya mutu!"

Har ni sai da na yi dariya da hawaye a fuska. Nan take Mma ta yanke hukunci: kullum bayan la'asar in ba su labarin littafi guda da Turanci, ina kallon ƙwayar idonta. In na sauke kai, sai ta buga ludayi a gindin roba. Sauran matan kuma aikinsu katse ni. "Me ya hana shi aurenta? Faɗa mana da Turanci!"

Dama ɗaya ta rage mini. Ranar da na koma wani dattijon na samu, ya ma fi na farko furfura. Wuyana ya fara lanƙwasa da kansa, na ɗago shi da ƙyar. Ya ce in ba shi labarin wani biki da na taɓa zuwa. Wayyo, bai san wadda ya taɓo ba! Na ɗauko bikin ƙawata a Nima, tun daga lallen amarya, da rumfunan da suka tare titi, da yadda ango ya kasa cin abinci don kallonta. Wannan na ƙarshe ƙari na yi. Ya ɗaga hannu alamar lokaci ya cika, ni kuwa ko ɗaurin aure ban kai ba. Sai da ya sake ɗagawa yana danne dariya kafin na ja birki.

A cikin trotro, motar hayar garinmu, sakamakon ya shigo wayata, daidai unguwar Kawukudi. Ihun da na yi ya sa direba ya taka birki, yana zaton an yanke mini jaka. Da na ce jarrabawa na ci, motar ta kaure da tafi, wata tsohuwa da ban sani ba ta rungume ni tana sa mini albarka da yaren Twi. A gida kuwa Mma guɗa ta yi ta yi har muryarta ta dushe.

Yau shekaruna da dama a wannan aiki na Ingila, kuma har gobe ina rusuna wa manya. Amma na koyi cewa kunya tana da wurinta. In aka kira ki don a ji abin da ke bakinki, 'yar'uwa, ɗago kai ki yi magana har sai an ce ya isa.