Ƙarar babur a ƙofar makarantarmu

Muna tsakiyar gwajin wasan haihuwar Yesu sai muka ji ƙarar babur ta nufo ƙofar makaranta. Kafin in buɗe baki, yaran ajina duk sun shige ƙarƙashin benci, har da mai fitowa a Maryamu, da jaririn tsumma a hannunta. Mu muka koya musu haka bana, ga shi kuwa sun ƙware.

Ni malama ce a wata 'yar firamaren Katolika a Tambuwal. Shekarar nan ta gajiyar da mu. Iyaye da yawa sun janye 'ya'yansu, ranar hutu ma Sista, shugabar makarantar, ta hana a sanar. Kyandir na makonnin jiran Kirsimeti a ɗarare muke kunna shi.

Na leƙa ta taga. Ashe Malam Buba ne, makiyayin da ke ara mana tumaki duk shekara saboda wasan. Tun damina ɓarayin daji suka kore masa garke wajen Kebbe, shi ya sa ban ma tunkare shi ba. Ga shi rungume da 'yar tunkiya.

Na ce, "Baba, ai mun ji abin da ya faru. Da ka bari."

Ya ce, "Wagga ɗai ta rage, Malama. In ban kawo ta ba, mi makiyayan wasan naku za su kora?"

Sai da tunkiyar ta yi kuka yaran suka fara fitowa.

Ban san nawa za su dawo bayan hutu ba. Don Allah ku faɗa min, yaya ake cire wa yaro tsoron babur?